Allurar sankarar furostat ce ta kashe garkuwar jikin Baba?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin karkara. Mahaifinmu yana da shekara 67, bara aka gano yana da sankarar furostat, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har ta taɓa ƙashi. An ɗora shi kan allurar Zoladex duk bayan wata uku. PSA ɗinsa, awon jinin da ake bibiyar cutar da shi, ya sauka sosai, alhamdu lillahi, amma hannuwansa da cinyoyinsa sun saki, ga tumbi, ga gumin dare, ga kasala, kuma sau biyu ana kwantar da shi saboda zazzaɓi da cutar hanyar fitsari. Yanzu baffanmu ya ɗaga hankalin gida, yana cewa allurar asibiti ta kashe masa mazakuta, shi ya sa garkuwar jikinsa ta mutu. Har ya samo wani mai kemis da ya ce zai riƙa yi masa Sustanon, allurar sinadarin maza testosteron, ƙarfinsa ya dawo. Na tuna a makaranta an koya mana cewa taimus, ƙullutun da ke bayan ƙashin ƙirji mai renon ƙwayoyin garkuwar jiki, yana motsewa da tsufa, kuma sinadaran jinsi suna da hannu a ciki. Shin sauke masa testosteron da aka yi ne ya ƙarasa taimus ɗin nasa? In bar su su gwada allurar ko sau ɗaya ne? Ni ce ƙarama a gidan, ba a cika jin maganata ba.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada a yi masa allurar nan, ko sau ɗaya. Idan kuma an riga an yi a bayan idonki, ki sanar da likitansa yau, a auna PSA da testosteron, kada a jira ranar asibiti ta zagayo.

Abin da aka koya muku a makaranta gaskiya ne, amma baffanku ya riƙo shi ta wutsiya. Testosteron ba ya raya taimus, yana cikin abubuwan da ke motsar da shi. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1898 wani masani ɗan Italiya, Calzolari, ya lura cewa zomayen da aka cire wa 'ya'yan maraina taimus ɗinsu ya fi na sauran girma. A 1904 Henderson ya ga haka a shanu: bijimin da aka dandaƙe yana riƙe taimus mai nauyi, ɗan uwansa da aka bari kuwa nasa yana saurin shanyewa. A lokacin ba wanda ya san aikin da wannan gaɓa ke yi a bayan ƙashin ƙirji, sai 1961 da Jacques Miller ya cire ta a jariran ɓeraye a Ingila ya ga garkuwarsu ta rushe. Daga baya aka gano inda testosteron ke kama wa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin taimus, waɗanda ke renon ƙwayoyin T, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, suna da makarɓar sinadarin maza a jikinsu. Idan ya sauka a kansu sai su rage fitar da sinadarin CCL25, wanda ke kiran sababbin ƙwayoyi daga ɓargo, su kuma rage DLL4, wanda idan babu shi ƙwayar da ta shigo ba za ta zama T ba. Aka janye sinadarin, sai aikin ya farfaɗo.

An ma duba wannan a mutane irin Baba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya, ƙarƙashin Richard Boyd, sun bi tsofaffin maza masu sankarar furostat da ake yi wa allurar da ke rufe testosteron, irin rukunin Zoladex. Bayan 'yan watanni adadin ƙwayoyin T a jininsu ya ƙaru, kuma a da yawa daga cikinsu alamar TREC, wadda ke nuna ƙwayar da ta fito daga taimus kwanan nan, ta hau. Saboda haka ne har ake gwada wannan rukunin allura ga waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, ko garkuwarsu za ta yi saurin dawowa. Ke nan idan allurar Baba ta taɓa taimus ɗinsa, ta ɓangaren alheri ta taɓa shi.

Ba na so ki ɗauki wannan da girman da ba shi da shi. Mutanen da aka bi ba su da yawa. A ɓeraye ma, taimus ɗin da ya sake girma bayan dandaƙa ba ya dawwama, yakan koma ya motse, kuma ko lokacin da ya kumbura ƙwayoyinsa na tsoho ne, yawa kawai suka yi. Sannan motsewar ba ta jiran balaga. Tun shekarar farko ta rayuwa sashen da ke aiki yake fara raguwa, kusan kashi 3 cikin 100 a shekara har tsakiyar rayuwa, daga nan kusan kashi 1, kitse na maye gurbinsa. Ɓerayen da aka haifa ba su iya yin sinadaran jinsi ma taimus ɗinsu yana tsufa. Balaga tana ƙara wa abin gudu ne, ba ita ta fara shi ba. Mutum mai shekara 67, ko an yi masa Zoladex ko ba a yi ba, mafi yawan taimus ɗinsa ya riga ya zama kitse, kuma garkuwarsa ta dogara ne kan ƙwayoyin T da ya tara tun ƙuruciya, waɗanda ke rarrabuwa da kansu a jini da kaluluwa. Guntun da ya rage ba banza ba ne, binciken da aka yi a babban asibitin Massachusetts da ke Amurka a 2023 ya nuna manyan da aka cire wa taimus yayin tiyata sun fi mutuwa cikin shekara biyar, kashi 8.1 cikin 100, idan aka kwatanta da kashi 2.8 na waɗanda aka yi wa tiyatar ƙirji aka bar musu shi. Amma ba a nan matsalar Baba take ba.

A mata labarin ya ɗan bambanta, kuma tunda kina aikin jinya yana da kyau ki riƙe shi. Istirojin da furojestiron, sinadaran mata, su ma suna motsar da taimus. Mai juna biyu nata yakan ƙanƙance sosai, ya dawo bayan haihuwa. Duk da haka mace tana riƙe taimus mai aiki fiye da namiji sa'anta, tana kuma karɓar rigakafi da kyau fiye da shi. Kuɗin da take biya shi ne cututtukan da garkuwa ke juyowa kan mai ita. Istirojin yana rage AIRE, wanda ke taimaka wa taimus ya tace ƙwayoyin da za su iya kai wa jiki hari, testosteron kuwa yana ƙara shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa a masu lufus, ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka, za ki ga mata tara kafin ki ga namiji ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar baffanku. Ba shi kaɗai ba ne. Kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani, malami ko ɗan kasuwa, mai digiri ko wanda bai taɓa shiga aji ba: wai ƙarfin namiji a shimfiɗa shi ne ma'aunin lafiyarsa, idan wancan ya kwanta to garkuwa ta kwanta, idan aka tashe shi komai zai tashi. A kan wannan tunani ake cin kasuwa a ƙasar nan. Je ki tasha ki tsaya minti biyar kusa da motar mai lasifika. Kwalba ɗaya ce, amma tana maganin basir, da sanyi, da saurin kawowa, da taifot, "tana kuma ƙara garkuwar jiki". Wannan jimla ta ƙarshe an maƙala ta ne saboda ba wanda zai iya auna ta a gida. Mai saye zai san ko ƙarfinsa ya dawo, amma ta ina zai san ko garkuwarsa ta ƙaru? Haka aka haɗe abubuwa biyu da ba su da haɗi a kan mutane, har ya zama idan likita ya ce zai sauke wa dattijo testosteron, dangi suna jin kamar ya ce zai cire masa rai.

Abin da aka gani a awo ya saɓa wa wannan. Testosteron ya fi karkata ga danne garkuwa. A wani bincike na Jami'ar Stanford da ya fito a 2014, an yi wa maza da mata rigakafin mura, sai aka ga mazan da testosteron ɗinsu ya fi yawa suna cikin waɗanda jikinsu ya fi kasa amsa rigakafin. Ba ina cewa namiji ya tsani sinadarinsa ba, yana da aikinsa a ƙashi da tsoka da jini da zuciyar mutum, kuma akwai mazan da nasu ya yi ƙasa da gaske, aka auna da safe har sau biyu aka tabbatar, ake ba su a asibiti bisa ƙa'ida. Amma ko su ba don garkuwa ake ba su ba, kuma tambayar farko da ake yi kafin a ba su ita ce lafiyar furostat ɗinsu.

Baba kuwa sankararsa da testosteron take rayuwa. Duk hikimar maganin da ake yi masa ke nan. A 1941 Charles Huggins da ɗalibinsa Clarence Hodges a Chicago suka nuna abu biyu a masu sankarar furostat da ta bazu: aka cire 'ya'yan maraina cutar ta lafa, aka yi allurar testosteron ta tashi. Wannan aiki ne ya ba Huggins kyautar Nobel a 1966. A 1981 wasu likitoci a New York suka waiwayi maza 52 masu sankarar da ta bazu waɗanda aka ba testosteron, 45 daga cikinsu abin ya yi musu illa. Zoladex da ake yi wa Baba, miligiram 10.8 duk wata uku, aikinta ta sauke testosteron ƙasa da 50 a ma'aunin nanogiram cikin desilita. Ampul ɗaya na Sustanon 250 zai harba shi ya ninka haka sau da yawa, ya kuma zauna a jiki har kusan mako uku. Ki tuna ranar da aka fara yi masa Zoladex. Da alama an haɗa masa da ƙwayar bicalutamide na 'yan makonni, saboda allurar kanta tana ɗan ɗaga testosteron a kwanakin farko kafin ta sauke shi. Wannan ɗan tashin na kwanaki kaɗan likitoci suke tsoro har suke sa kariya. To ina ga wanda zai ɗura cikakken ampul da gangan?

Na ga yadda abin ke ƙarewa. Dattijo ne da PSA ɗinsa ya sauka, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Wani ya ji tausayinsa ya kai shi wurin mai allura a bayan kanti. Makon farko kowa yana murna, ya ci tuwo ya ƙara, ya yi hira har dare, ana ta sa wa mai kemis albarka. Daga nan bayansa ya fara ciwo, irin ciwon da ke tashin mutum daga barci, aka ce sanyi ne aka shafa man zafi. Sai ƙafa ta fara nauyi, silifa na zamewa bai sani ba. Ranar da aka kawo shi a kan tabarma a bayan a-kori-kura, mararsa ta kumbura tim da fitsarin da ya ƙi fita, na tsunkule shi a cinya bai ji ba. Sankarar da ke ƙashin baya ta kumbura ta danne laka. Idan aka kawo irin wannan da wuri ana iya ceto ƙafafun, idan mutum ya riga ya kwana biyu ba ya motsa su, da wuya su dawo. Da na tambaya sai ɗansa ya zaro kwalin allurar daga aljihu, a ninke, har da ragowar ampul biyu. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai kemis ɗin nan da baffanku ya samo, ki tambaye shi PSA ɗin Baba nawa ne. Ki tambaye shi a wane ƙashi cutar take. Ba zai sani ba, kuma bai damu ya sani ba. Lasisin mai kantin magani irin nasa, idan ma yana da shi, na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Bai ba shi damar ajiye testosteron ba, balle tsira wa mutum allura. Dokar tana nan a rubuce, masu aiwatar da ita ne ba a gani sai an yi ɓarna, a rufe shago mako biyu a buɗe. Haka lambar NAFDAC da ake nuna wa mutane a jikin kwalbar gargajiya. Ki juya kwalbar ki karanta ƙananan rubutun, za ki ga an ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wasu haɗe-haɗen kuma ana zuba musu sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, ko dexamethasone a ɓoye. Dexamethasone shi ne ke sa mara lafiya ya ji garau, ya buɗe ciki, kumatu su ciko, dangi su ce magani ya karɓe shi, alhali a duk magungunan da na sani kaɗan ne suka kai shi kashe ƙwayoyin taimus da danne garkuwa, ga tayar da suga. Saboda haka duk wani garin magani ko tsimi da ake ba Baba a gida, ki tattara ki kai wa likitansa ya gani.

Wataƙila ki ci karo a intanet da labarin cewa a Amurka ana gwada ba masu sankarar furostat testosteron mai yawa. Gaskiya ne, a Johns Hopkins aka fara, amma ga waɗanda cutarsu ta daina jin allura irin ta Baba, aka zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ba masu ciwon ƙashi ba, ana bibiyarsu da hoto da awon jini. Baba cutarsa tana jin magani. Kada wani ya kawo muku wannan a matsayin hujja. Haka labarin da ke yawo cewa an gano maganin mayar da taimus yaro: gwajin 2019 ne, da sinadarin girma da DHEA da metformin, a maza tara kacal, babu rukunin kwatanci. DHEA kuma jiki yana juya shi ya zama sinadarin maza, don haka shi ma ba na Baba ba ne.

To me ke kwantar da shi? Namiji mai shekara 67 da furostat mai cuta, ya yi cutar hanyar fitsari sau biyu, abin da zan fara zargi shi ne fitsari ba ya fita duka. Wanda ya kwanta a mafitsara shi ke tara ƙwayoyin cuta, komai ƙarfin garkuwar mutum. A yi masa hoto bayan ya yi fitsari a ga nawa ya rage, a duba ƙoda ko ta fara kumbura. Idan yana da robar fitsari, yaushe rabon da a canza ta, kuma jakar tana ƙasa da mararsa ko ana ɗora ta kan gado? A kai fitsarin ɗakin gwaji a shuka shi, a ga wace ƙwayar cuta ce a ciki, kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yawancin waɗanda muke gani yanzu sun daina jin ciprofloxacin, saboda an sha shi kamar gyaɗa. Na biyu suga. Allurar da ke sauke testosteron tana sa jiki ya rage jin insulin, tumbin da kika ambata alama ce, kuma mutane da yawa suna shiga ciwon suga a kanta ba a lura ba. A auna HbA1c, awon da ke nuna yadda sugansa ya kasance a 'yan watannin nan. Na uku a ƙirga jininsa gaba ɗaya, saboda sankarar da ta shiga ƙashi tana iya cinye wurin ɓargo. Ki kuma duba katinsa ko an haɗa masa da prednisolone, kamar yadda ake yi wa masu shan abiraterone, ko an yi masa docetaxel, maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya mai rage fararen ƙwayoyin jini. Idan yana kan docetaxel, zafin jiki ya kai 38, wannan na gaggawa ne a daren, ba na paracetamol ba. Tari da ya wuce mako biyu da rama kuma a gwada tarin fuka, kyauta ake yi, kada a jingina komai ga sankara.

Kasalar da sakin tsokar da gumin daren da ɗaukewar sha'awa, waɗannan kam daga allurar suke, kuma kada ki musa wa baffanku wannan, idonsa ya gani. Abin da ya fi taimakawa, wanda aka gwada aka tabbatar, shi ne motsa jiki mai sa tsoka aiki: tafiya kullum, tashi da zama daga kujera, ɗaga abu mara nauyi sosai, bayan likita ya duba hoton ƙashinsa ya faɗi abin da zai iya. Ya samu ƙwai, wake, kifi, nono, ba koko da shayi kaɗai ba, domin rashin abinci mai gina jiki yana motsar da taimus da raunana garkuwa fiye da yadda mutane ke zato. A tambayi likitansa batun kalsiyam da bitamin D saboda allurar tana cin ƙashi, da rigakafin nimoniya idan ana samu a inda kuke. Gumin dare ma akwai magungunan da ke rage shi. Idan kuɗin Zoladex ne ya fara yi wa gida nauyi, wanda sau da yawa shi ne ainihin abin da ke ƙarƙashin irin wannan rigima, a faɗa wa likita kai tsaye. Akwai ƙaramar tiyatar cire 'ya'yan maraina da ake yi sau ɗaya, aikinta daidai da na allurar. Abin da ba a yi shi ne a tsallake wata uku a ce sai an samu kuɗi.

Batun cewa ba a jin maganarki, kada ki tsaya jayayya da baffa a tsakar gida, ba za ki ci ba, kuma zai ga kamar raini ne. Ki roƙe shi ya raka Baba asibiti ranar da za a koma, shi da babban wanku, ki sanar da likitan tun kafin su shiga. Dattijo yakan karɓi magana daga bakin likita a ofis wadda ba zai karɓa daga 'yar ɗan uwansa ba, musamman idan aka nuna masa takardar PSA ta farko da ta yanzu, aka nuna masa hoton ƙashin bayan. Shi ma Baba a yi masa bayani shi kaɗai, ba a gaban 'ya'yansa mata ba, domin akwai abin da ke damunsa da ba zai taɓa furtawa a gabanki ba, kuma jikinsa ne, ya kamata ya san abin da ampul ɗin zai yi masa kafin wani ya zo masa da shi da dare.

Kafin ranar, ki sa Mama ko wanda ke kwana kusa da shi ya riƙe alamomin nan: sabon ciwon baya mai tsanani ko mai zagayowa ƙirji ko ciki kamar ɗamara, nauyi ko dindiris a ƙafa, kasa yin fitsari, ko bayan gida ya zubo bai sani ba. Ko ɗaya aka gani, a kwantar da shi a miƙe a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da hoton MRI a ranar, ko da tsakar dare ne.